Labarin Helen Mai Zane, Da Abin Da Na Koya Daga Katakonta

Iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, a cikin darussan da a ke koya mana a makarantar nan babu wanda a ke yi wa kallon raini kamar darasin zane. In yaro ya ce zai zama likita ko injiniya, sai a sa masa albarka. In kuwa ya ce zane ya ke so, sai a yi murmushi a ce ƙuruciya ce, zai bari. Abin ya fi tsanani ga irin zanen nan na zamani wanda ba ya kwaikwayon siffar kome, ba mutum, ba doki, ba gida, sai launuka da layuka kurum. Iyaye su kan ce ɓarnar fenti ce. Ɗalibai kuwa, har da waɗansu 'yan ƙungiyarmu ta zane, su kan ce ai wannan ko ɗan yaye ya iya, a watsa fenti a yadi shi ke nan. A ganina abu guda ne ya shige wa ɓangarorin nan biyu duhu, watau yawan aikin da ke kwance a ƙarƙashin abin da ya yi kama da sauƙi. Don in nuna haka ne na ke so in ba ku labarin wata mata Ba'amurkiya mai suna Helen Frankenthaler.

Na san ta ne ta hanyar wani littafi mai hotuna da malaminmu na zane ya ba ni aro a zangon da ya wuce. Na yi sati uku ina jujjuya shi, ina komawa wurin Malam da tambayoyi, har ya ce in rubuta abin da na fahimta don kowa ya amfana. To, ga shi.

An haifi Helen a birnin Niyok na ƙasar Amurka ran 12 ga Disamba, 1928. Ita ce auta cikin 'ya'ya mata uku. Mahaifinta, Alfred Frankenthaler, alƙali ne a babbar kotun jihar Niyok, ya rasu cikin 1940 tana da shekara 11. Gidansu gidan wadata ne da ilmi, iyayenta kuwa tun tana ƙarama suka lura da baiwarta, suka ƙarfafa mata gwiwa. A makarantar Dalton ta yi karatu a hannun Rufino Tamayo, wani shahararren mai zane ɗan ƙasar Meziko. Daga nan ta tafi kwalejin Bennington, wadda a lokacin ta 'yan mata ce zalla, inda malaminta Paul Feeley ya horar da ita wajen tsara zane, da sanin yadda a ke daidaita wannan sashi da wancan don kada wani gefe ya rinjayi wani. Ta gama cikin 1949. A shekarar da ta biyo ta ƙara zama ɗaliba na ɗan lokaci wurin Hans Hofmann, wani dattijon malamin zane haifaffen Jamus. Ina so 'yan'uwana su riƙe wannan da kyau. Kafin ta zuba fenti ko ɗigo ɗaya a ƙasa, sai da ta yi shekaru tana koyon ƙa'idar sana'ar a gaban malamai.

A zamanin nan birnin Niyok cike ya ke da masu zane, yawancinsu maza, waɗanda suka bar kwaikwayon siffofi suka koma ga launi da motsin hannu. Wanda ya fi yin suna a cikinsu shi ne Jackson Pollock. Shi ba ya jingina yadi a tsaye kamar yadda aka saba. Ƙasa ya ke shimfiɗa shi, ya riƙa kewayawa yana ɗiga fenti da sanda. Helen ta ga aikinsa, abin ya shiga ranta, amma ba ta so ta zama inuwar wani. Ta ɗauki dabarar shimfiɗa yadi a ƙasa, sauran kuwa ta nemo da kanta.

Cikin 1952 ta yi tafiya zuwa Nova Scotia, wani yanki na bakin teku a ƙasar Kanada, inda duwatsu ke gangarowa har cikin ruwa. Bayan ta komo, ran 26 ga Oktoba, ta shimfiɗa wani babban yadi mai kauri a daɓen ɗakin aikinta, tsawonsa kusan ƙafa 10, faɗinsa ƙafa 7 da 'yan kai. Al'adar masu zane ita ce su fara shafe yadi da farin shafi don fenti ya zauna a bisa. Ita ba ta shafa kome ba. Ta ja 'yan layuka da gawayi, sa'an nan ta tsinka fentinta da man tsinka fenti har ya zama ruwa-ruwa, ta riƙa zubawa. Yadin ya shanye launin kamar yadda farin ƙyalle ke shan baba, shuɗi da kore da ruwan hoda suka bazu suna shiga juna. A yini ɗaya ta gama. Ta sa masa suna Mountains and Sea, watau Duwatsu Da Teku. Shekarunta 23 a lokacin.

Da aka fara nuna zanen nan ga jama'a cikin 1953 ba wanda ya saya. Amma a shekarar ce waɗansu masu zane biyu daga birnin Washinton, Morris Louis da Kenneth Noland, suka gan shi a ɗakin aikinta, suka koma gida suka sake salon aikinsu ɗungum. Daga baya Louis ya kwatanta ta da gada tsakanin Pollock da abin da zai yiwu a nan gaba. Haka wata sabuwar hanyar zane ta tashi, wadda a ke shimfiɗa launi fili-fili a kan yadi. Sannu a hankali sunanta ya fito. Cikin 1959 ta ci lambar farko a wani babban nunin matasan masu zane a birnin Faris, cikin 1966 kuma tana cikin waɗanda suka wakilci Amurka a nunin birnin Benis na ƙasar Italiya. Duk da haka akwai masu sharhi da suka daɗe suna cewa aikinta kyau ne kawai irin na mata, ba shi da nauyi. Ba ta tsaya jayayya da su ba, aiki ta ci gaba da yi.

Watakila wani zai tambaya, in zane ba hoton kome ba ne, mene ne amfaninsa? Amsar da na samu ita ce, ba wanda ya taɓa ɗaga hular da aka yi wa aiki mai kyau ya ce hoton mene ne wannan. Ido ya kan ji daɗin yadda zare ya bi zare, da yadda launi ya zauna kusa da ɗan'uwansa, kamar yadda kunne ke jin daɗin kiɗa ko ba a sa masa waƙa ba. Zanen Helen irin wannan ne. In ka tsaya gabansa, wani ya kan tuna maka da hadari ya haɗo, wani da sanyin asuba, ko da ya ke ba gajimare ko rana da za ka nuna da yatsa.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi jan hankalina, watau aikinta na bugu. Kowa ya san hatimi. Mai sassaƙa hatimi ya kan yanke inda ba ya so ya fito, ya bar inda ya ke so a tudu, kuma tilas ya juya rubutun baibai don in an buga ya fito daidai. Bugun zane ɗan'uwan wannan ne. Mai zane ya kan shirya aikinsa a jikin katako, ko dutse, ko farantin ƙarfe, a shafa tawada, a ɗora takarda a matsa. Amfaninsa shi ne, zanen fenti guda ɗaya ne tak a duniya, mutum ɗaya ko gida ɗaya ke mallakarsa, amma bugu a kan sami 20 ko 30 ko fiye, mai zanen ya sa wa kowane lamba da hannunsa, kowane kuwa na asali ne.

Da fari Helen ba ta da sha'awar bugu, kamar yawancin abokan sana'arta na lokacin, waɗanda ke ganin aiki ne na masu ɗab'i. Wadda ta jawo ta ita ce Tatyana Grosman, wata mata haifaffiyar Rasha da ta buɗe ɗan ƙaramin ɗakin ɗab'i a gidanta a West Islip, kusa da Niyok, cikin 1957, tana bin masu zane tana lallashinsu su zo su gwada. Cikin 1961 Helen ta yi bugunta na farko a can, na dutse ne, ta kuma kira shi First Stone, watau Dutsen Farko. Yadda a ke bugun dutse abin mamaki ne. A kan yi zane a kan sumul ɗin dutse da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen da ruwa, sa'an nan a bi da tawada mai mai. Tun da mai da ruwa ba sa ga maciji, tawadar ba ta kama ko'ina sai inda allin ya bi. Wannan hanya ta yi daidai da hannun Helen, gama a kan dutse mutum na iya shafawa da zubawa kusan kamar a yadi.

Katako kuwa wani abu ne dabam. Ga mace wadda duk sunanta a kan launi mai gudu kamar ruwa ya tsaya, ga katako mai tauri wanda wuƙa ke bari da kaifin baki. A bugun katako na gargajiya layi ya kan fito gatsau, baƙi a nan, fari a can. Duk mai hankali zai ce wannan ba hanyarta ba ce. Amma cikin 1973, tana da shekara 44, ta yarda ta gwada. Ta ɗauki siririn falankin katako, ta yanka shi gunduwa-gunduwa da zarto mai siririn baki wanda ke iya bin lanƙwasa, kowace gunduwa da launinta. Wani mai zane ɗan ƙasar Norwe, Edvard Munch, ya riga ya yi irin wannan yanka tun kafin 1900, amma a nasa a kan ga farin layi a inda zarto ya bi. Helen ta ce ita ba ta son farin layin nan ko kaɗan. Ita da mai ɗab'i Bill Goldston suka yi ta gwaji har suka gano yadda za a buga gunduwoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace a gurbinta daidai, launi ya taɓa launi ba rata. Bugun da ya fito, mai launi 8, shi ne East and Beyond, watau Gabas Da Gaba Da Ita.

Na fahimci wuyar wannan ne sa'ad da ƙungiyarmu ta gwada nata bugun. Malam ya samo mana guntayen katako mai laushi, muka sassaƙa uku, ɗaya na rawaya, ɗaya na ja, ɗaya na shuɗi. Muka buga takarda 20. In rawaya ta zauna daidai, sai ja ya goce kamar faɗin tsinken tsintsiya, ya bar fari a gefe. In ja ya zauna, sai shuɗi ya hau kansa ya zama wani launi mai kama da laka. Wata takardar tawada ta yi mata yawa ta malale, wata ta yi kaɗan ta fito da ƙyasfi. Mun ci yammacin Asabar biyu a kai, a ƙarshe guda 4 kaɗai Malam ya ce a iya liƙawa a allon sanarwa. Launi 3 ke nan, jama'a. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo gare shi.

Cikin 1977 Helen ta yi aiki da wani gwanin ɗab'i mai suna Kenneth Tyler a garin Bedford na jihar Niyok. A bakin ɗakin aikinsa akwai wata itaciya da a ke kira malbari, irin wadda tsutsar siliki ke cin ganyenta, 'ya'yanta kuwa na da ruwa ja mai duhu. Launin ruwan nan ne ya kama idonta, ta ce shi ta ke so a takarda. Da katako 4 da launi 8 aka yi bugun Essence Mulberry, bayan gwaji mai yawan gaske. Ta bar ƙasan takardar ba kome, kamar yadda masu zanen ƙasashen gabas ke yi. A wajen ayyukan nan ne ta saba da wata dabara ta kanta, watau ta riƙa ƙarzar fuskar katako da samfefa, da 'yan ƙarafan likitan haƙori, har da abin kankare cuku, don katakon ya kama tawada sama-sama, launin ya fito da laushi, layukan jikin itacen kuma su bayyana a takarda.

Mutanen Japan su ne gwanayen bugun katako mai launi tun ƙarni da dama da suka wuce. A wurinsu aikin na mutum uku ne, mai zane, da mai sassaƙa, da mai bugawa, kowa da tasa gwanintar. Tawadarsu da ruwa a ke dama ta, kuma da hannu su ke murza bayan takarda da wani faifai, ba da inji ba. Cikin 1983 Helen ta tafi birnin Kyoto ta yi aiki da mai sassaƙa Reizo Monjyu da mai bugu Tadashi Toda, suka fitar da wani bugu mai suna Cedar Hill. Ku duba fa, mace mai shekara 54, wadda an riga an yi bikin nuna ayyukanta a manyan gidajen adana zane na ƙasarta, ta ƙetare teku ta zauna da masu sana'ar da ba ta jin harshensu, don akwai abin da suka sani wanda ita ba ta sani ba.

Abin da ta samo a can ya nuna kansa sosai bayan shekaru. Ta koma wurin Tyler, wanda a lokacin ya ɗauki wani saurayi ɗan Japan mai suna Yasuyuki Shibata, gwanin sassaƙa da bugu. Ita ta kan yi zanen da fenti a kan falankin katako, shi kuma ya zauna ya rarraba zanen launi-launi, ya sassaƙa wa kowane sashi katakonsa, har ɗigon da ya faɗi da inda fenti ya malale. In an buga gwaji sai ta duba, ta ce a ƙara nan, a rage can, a sake. Ta haka suka fitar da bugu 6 cikin 1998, waɗanda ta sa wa sunan Genji, wani tsohon labarin Japan da wata mata ta rubuta wajen shekara 1,000 da suka wuce.

Sa'an nan cikin shekarar 2000 aka gama wanda a ke ɗauka shi ne gagarabadan ayyukanta na katako, Madame Butterfly. Sunan wani wasan kwaikwayo na waƙa ne da Puccini ɗan Italiya ya tsara, aka fara nuna shi cikin 1904, a kan wata 'yar Japan da ta auri sojan ruwan Amurka. Kalmar kuwa ma'anarta malam-buɗe-littafi, bugun ma a kan takarda 3 ya ke, jere da juna, ta tsakiya da biyu a gefe kamar fukafukai. Tsawonsa ya haura ƙafa 6. Takardar ma da hannu aka yi ta musamman, don ta yi kama da launin katako. To, ga lissafin da na ce ku riƙe. Mu launi 3 muka yi da katako 3, muka sha wuya. Wannan launi 102 ne, da katako 46. Amma in ka dubi hotonsa, sai ka rantse wani ne ya tsoma buroshi a ruwan launi ya ja sau biyu ko uku da safe kafin ya karya kumallo. Fari da shunayya da shuɗi suna narkewa cikin juna, ba ka ganin inda wannan katako ya ƙare wancan ya fara.

Da na je hutu na nuna wa kawuna hoton nan. Kafinta ne, bai yi boko mai zurfi ba, bai kuwa taɓa jin sunan Helen ba. Ya dube shi ya ce, "Wannan ai fenti ne ya zube." Na ce, "Kawu, da katako aka buga shi, guda 46, ɗaya bayan ɗaya, a kan takarda 3." Ya karɓi littafin ya matsa bakin ƙofa inda haske ya ke, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "'Yar nan, da ruwa kika ce su ke dama tawadar?" Na ce i. Ya ce, "To, ai katako in ya sha ruwa kumbura ya ke yi, in ya bushe ya tsuke. Ba ki ga ƙofar ɗakin nan ba, da damina sai an sa kafaɗa, da hunturu kuwa iska ma buɗe ta ta ke yi? Takarda ma haka. Wanda ya sa abu 46 masu motsi suka faɗa wuri ɗaya ba ratar gashi, wannan ko ni na sallama masa." Ya ƙara dubawa ya ce, "Kuma ya ɓoye wahalarsa. Aikin gwani ke nan. Teburin da aka haɗa da kyau ba ka ganin inda aka haɗa shi."

Maganar nan ta Kawu ta yi daidai da ra'ayin Helen kanta. Ta sha faɗi cewa zane mai kyau shi ne wanda ya yi kama da a lokaci ɗaya ya faru, kuma sau da yawa sai mutum ya yi guda goma da suka sha wahala suka lalace kafin ya sami ɗaya da ya fito haka. Ashe sauƙin da mu ke gani a bango shi ne ƙarshen aikin. Mu da mu ke tsaye muna kallo mun zo ne bayan an share ɗaki, an kwashe tarkacen gwaji.

Akwai kuma darasi na biyu. A zanen fenti Helen ita kaɗai ce a ɗakinta, ba mai ce mata ƙala. A bugu kuwa tilas ta jira hannun wasu, mai yin takarda, mai sassaƙa, mai dama tawada, mai juya inji. An san ta da tsananin son abu ya fito yadda ta ke so, ba ta karɓar "ya isa haka", amma ta san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa a littafin da na karanta, a ƙarƙashin kowane bugu an rubuta sunayen masu ɗab'in tare da nata. Ta ci gaba da bugun katako har 2009. Gwamnatin Amurka ta ba ta lambar girma ta ƙasa a fannin fasaha ta shekarar 2001. Ta rasu ran 27 ga Disamba, 2011, a garin Darien na jihar Connecticut, tana da shekara 83. Shekara goma bayan rasuwarta, cikin 2021, wani tsohon gidan adana zane a unguwar Dulwich ta birnin Landan ya shirya nuni na bugunta na katako kaɗai.

Ni yanzu ina aji biyar, kuma ina so in sa zane cikin darussan da zan ɗauka a jarrabawar fita. Da na gaya wa Baba, bai hana ni ba, amma ya tambaye ni abin da zan ci da shi. Tambaya ce ta gaskiya, ba na kuwa raina ta. Helen 'yar masu hali ce, ba ta taɓa kwana da tunanin kuɗin fenti ba, yawancinmu kuwa ba haka mu ke ba. Abin da na ce masa shi ne, duk atamfar da ke jikin iyayenmu mata wani ne ya zauna ya tsara launukanta aka buga su ɗaya bayan ɗaya, haka hotunan littattafan karatunmu da bangonsu. Kuma ilmi ne da a ke karantawa har jami'a. A Zariya ne Bruce Onobrakpeya ya fara karatun zane cikin 1957, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuwa zama ɗaya daga cikin mashahuran masu bugun zane na Afirka. Baba ya ce zai yi shawara da Malam. Ina nan ina jira, ina kuma ci gaba da sassaƙa.

Saboda haka ina da roƙo biyu. 'Yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan ƙungiyar zane, kada mu fake da sunan zanen zamani mu guje wa koyo. Wanda bai iya riƙe fensir ya auna tsawo da faɗi ba, in ya watsa fenti, fenti ya watsa kurum. Mu zo aji a kan lokaci, mu wasa wuƙaƙenmu, mu wanke katako bayan bugu, in takarda 16 sun lalace mu ɗauko ta 17. Wannan kuwa bai tsaya ga zane kaɗai ba, gama wanda mu ke gani yana warware lissafi a allo kamar wasa, shi ma akwai tarin takardun da ya cika da dare waɗanda ba mu gani ba.

Iyayenmu kuma, in kun zo ranar ba da kyaututtuka, don Allah ku biya ta ɗakin zane. Za ku tarar da bugunmu guda 4 a bango, da katakon da muka sassaƙa a ajiye a ƙarƙashinsu, har da waɗanda suka lalace, gama Malam ya ce kada a ɓoye su. Ku ɗauki katakon ku shafa, ku tambayi ɗanku ko 'yarku yadda aka yi launi ya zauna a gurbinsa. In kuwa akwai kafinta a cikinku mai guntayen katako da ba ya bukata, ƙungiyarmu na maraba da su. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, in ji Hausawa, ga shi kuwa mun ga wadda ta sa katako ya gudana kamar ruwa. Allah ya ba mu haƙurin koyo, ya sa wa iyayenmu da malamanmu albarka, amin.